Jinin Deshan a Kan Gishiri

Da yake a kan tulin gishiri jinin ya zuba, tun daga nesa Shulan ta hango shi. Mijinta Deshan na zaune dirshan a gefe, ya dafe cinyarsa da hannu biyu. Santsi ne ya kwashe shi, ya faɗa a kan wuƙar da yake yankan haije da ita.

Duk wanda ya tashi a wannan gaɓar teku ta ƙasar Sin ya san haije, halittar ruwan nan mai siffar laima, ba ƙashi ba jini, jikinta duk ruwa da yauƙi. Kwanakin kamunta ba su da yawa a shekara, kuma da ta baro teku ba ta jiran kowa, a yi sakaci kaɗan ta narke ta bi ƙasa. Shi ya sa a kwanakin nan ba a zama, ba a ciwo.

"Maman Fen, kar ki tara mini jama'a," in ji shi, yana yaƙe. "Ɗan ƙwarzane ne."

Wai ƙwarzane! Jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. Ta ɗaure cinyar tam da ɗankwalinta, ta ruga wurin Maigida Ge, mai rumfar da suke aiki, ta roƙe shi a kai Deshan asibiti a babbar motar ɗaukar kaya. Ko ɗago kai Ge bai yi ba. Ya ce kamfanin magani ake wa lodin haije, su kuwa ɗanya suke so wadda ba ta sha gishiri ba, in ta narke duk sun shiga uku. A gama lodi tukuna, sai a sauke shi a hanya. Motar asibiti kuwa kada ma a fara, don ma'aikatansa babu mai rajista. Wayoyinsu dama suna kulle a akwatinsa, kamar kullum.

Abokan aiki sun ji tausayi, wallahi sun ji. Sai dai iyakar taimakon da suka sani shi ne su ƙara sauri. Ba a taɓa lodi da gudu a rumfar nan irin na ranar ba.

* * *

Tana durƙushe a gaban Deshan ta tuna. Bara wasu masu fararen riguna sun zo daga kamfanin, suka nuna musu hoton wani farin soso. Suka ce daga jikin haije ake tatso sinadarinsa, a ɗora shi a kan rauni jini ya tsaya cak. Ranar Deshan ya yi ta tsiya, wai ashe su likitoci ne ba su sani ba.

Ta zabura ta yanko tsokar haije guda daga kwando, ta danna a kan raunin da iya ƙarfinta. Abin ya riƙa zillewa. Ɗumin jinin ya narkar da shi, ruwa da jini suka gauraya suna bin gwiwar hannunta. Ta yanko wata, ta sake yanko wata. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Likita Shulan, maganin naki sanyi gare shi," ya ce a hankali. Leɓɓansa sun yi fari. "Kar ki gaya wa 'yar nan tamu sai ta gama jarrabawa."

Ta ce ya rufe mata baki, shi zai gaya wa Fen da kansa. Bai musa ba, shi da ba ya barin gardama ta wuce shi.

* * *

A kan kwandunan haije aka kwantar da shi. Direba ya sauke su a ƙofar asibiti, ya ƙara gaba da sauri don kaya na narkewa.

Wata ma'aikaciyar jinya ta yage wata 'yar leda, ta zaro farin soso. A jikin ledar an zana haije, kyakkyawa, ta buɗe laimarta. Shulan ta gane shi nan take, har ta buɗe baki za ta ce su ne masu kamo ta.

Likita ya taɓa wuyan Deshan, ya jima, sannan ya girgiza kai.

Ma'aikaciyar ta dubi abin da ke hannunta. An riga an buɗe, ba ya komawa. Ta taka murfin kwandon shara ta jefa shi ciki, fari fat, ko ɗigon jini bai taɓa ba.