Haƙorin da ke Rumfar Lado

Malam Lado maƙerin gwangwani ne a kasuwar Gadarif, can ƙarshen layi inda ba mai zuwa sai wanda butarsa ta huje. Matarsa Jummare ta rasu. Ɗansa Adam kuwa sojoji ne suka sauke shi daga mota a hanyar garin Fau, suka kai shi yaƙin Kudu, ko takalminsa bai dawo ba. Idan baƙin ciki ya zo, wani carbi yake kamawa, wani surutu. Shi Lado duwatsu ya kama tsinta, yana jera su a kan katako yana share musu ƙura. 'Yan kasuwa suka ce ya taɓu, suka rage gaishe shi. Bai bi kowa ba, amma kaɗaici na cin sa, ko yaro ya gani ya sani.

Wata kaka da kasuwa ta mutu, ya bi masu yankan riɗi zuwa gonakin Simsim. A gefen wani kwari da ruwa ya zaftare ya hango abin ya leƙo daga ƙasa. Dutse ne a nauyi, amma siffarsa ta haƙori ce, tsawonsa ya kusa kamu guda, samansa layi-layi kamar kunyar gona. Ya naɗe shi a buhu ya kawo Gadarif, yana ta tambayar kansa ko bakin wace halitta ne ya ɗauki wannan.

Kasuwa dai ba ta rasa masana. Wani mahauci ya ce na raƙumi ne, Lado ya ce to raƙumin sai dai a hau shi da tsani. Wani ya rantse na Adawa ne, mutanen Annabi Hudu. Aka yi musu, aka watse. Da a nan maganar za ta mutu, ba don Ummusalama mai shayi ba, wadda jikarta ke fama da zazzaɓin fitar haƙora.

"Malam, haƙorin da ya kwana cikin ƙasa tun zamanin da bai ruɓe ba, ai magani ne," in ji ta. "Ka bar ni in ɗan kankara, shuwayya bas, ɗan kaɗan kawai."

Ta kankari gari da wuƙa, ta shafa wa yarinyar a dasashi. Ko don garin ne, ko don lokaci ya yi, haƙora suka fito. Kafin wata ya mutu mata sun fara zuwa da goyo daga unguwanni, har daga garin Mafaza. Lado ba ya karɓar komai. Sharaɗinsa ɗaya ne, a zauna tukuna. Ummusalama ma ta kwaso murhunta ta dawo gefen rumfarsa, da yake 'yan sanda masu korar mata masu shayi ba sa wahalar da kansu zuwa ƙarshen layi. Sai ga Lado yana dariya, yana ɗaukar 'ya'yan mutane, yana sanin sunayensu. Yana ganin layukan haƙorin suna shafewa ɗaya bayan ɗaya, ya kan kau da kai.

Ana cikin haka wata Dakta Huda ta zo, 'yar Hausawan Fau da ke koyar da ilmin duwatsu a jami'a a Hartum. Innarta ce ta ba ta labari. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta juya haƙorin, ta bi layukansa da yatsa.

"Baba, wa ya yi masa wannan aika-aika?"

"Yara ne suka sha, 'yata."

"Ma'alesh, yi haƙuri, amma waɗannan layukan su ne shaidarsa. Da su ake gane mai shi. Saura 'yan kaɗan a wannan gefen. In ka ba ni in tafi da shi, wataƙila mu gane. In ya ƙara wata biyu a nan, halas, shi ke nan, ba wanda zai ƙara sani."

"Za ki dawo da shi?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Irin wannan in ya shiga, ba ya fitowa."

Lado ya dubi tabarmar da mata ke zaune, suna jiran a gama magana su kankara. Ya san sarai ba don kyan fuskarsa suke zuwa ba. Amma ya tuna da Adam, da wani rami a Kudu da aka rufe ba tare da an san sunan wanda ke ciki ba, kuma wannan abin ya fi komai yi masa ciwo. Ya kawo buhu ya naɗe haƙorin da hannunsa.

"Ki tafi da shi. Abu ya rayu ya mutu, ai ya kamata a san ko shi wane ne."

Matan ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Suka saɓa goyo suka tafi. Washegari mata biyu suka zo, suka ji labari daga tsaye. Daga nan shiru. Ummusalama ta jure 'yan kwanaki, sannan ta ce ciniki ya ja baya, ta mayar da murhunta tasha. Lado ya ci gaba da shimfiɗa tabarmar kowace safiya, sai da rana ta cinye launinta ya naɗe.

Damina ta wuce kafin wayarsa ta yi ƙara wani hantsi. Huda ce.

"Baba, mun gane. Giwa ce, amma ba irin ta yanzu ba. Irinta ta ƙare tun kafin a san da wani gari a nan. Ta yi kiwo a inda kuke yankan riɗi, lokacin wurin duk ruwa ne da daji."

Lado ya yi godiya, ya miƙe da murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya duba dama, ya duba hagu, layin ba kowa sai wata akuya. Ya ja ƙyauren rumfa ya taka har tasha, yana maimaita bayanin a hanya don kada ya ɓata shi.

Ya tarar da Ummusalama direbobi sun kewaye ta, kowace kujera da mai ita.

"Ummusalama, giwa ce."

"Wace?"

"Mai haƙorin. Giwar zamanin da, a nan Simsim ta yi kiwo, lokacin da..."

"To, madalla," in ji ta, tana ɗauraye kofi, ba ta ɗago ba. "Shayi za ka sha ko gahawa?"

Ya ce shayi. Ya sha a tsaye.