Birkin da ke ƙarƙashin benci

Wata biyu ke nan kwalin nan yana ƙarƙashin bencin shagona, na rufe shi da tsumma kamar mai ɓoye kayan sata. Birkin tirela ne a ciki, sabo fil. A zatona matar Yaya ba ta san da shi ba, kuma har jiya kullum addu'ata kada ta sani.

Ni mai walda ne. Da Yaya ya bar aiki ya koma noman lambu, ya sayi tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, ni na ƙera masa 'yar tirelar da zai riƙa ja a baya. Yaya mutum ne mai bin takarda, har haushi yake ba ni. Ya buɗe littafin motar ya dangwala yatsa.

"Duba nan, Auta. In tirela ba birki, kilo ɗari bakwai da hamsin ne iyaka. Ya wuce haka, dole sai da nata birkin."

"Haba Yaya! Motar da ke hawa dutse ce za ta kasa tsayar da wannan 'yar abar?"

"Ja daban, tsayawa daban," in ji shi.

Da kansa ya sayo birkin ya dire mini. Ni kuwa aiki ya sha mini kai, kullum sai in ce gobe. Da ya matsa, na ɗora tankin ruwansa a kan tirelar muka kai sikeli. Kilo ɗari shida. Na ce, "Ka gani? Ko iyakar ba mu kai ba. Yi ta aikinka, ranar Asabar zan ɗaura." Ya yarda, don bai taɓa zaton zan yi kuskure a kan ƙarfe ba.

Tankin da muka auna babu ko ɗigon ruwa a ciki. Wallahi ko a raina ban kawo ba. Lita dubu biyu yake ci, wato tan biyu cur.

Ranar Laraba da hantsi ya cika shi ya nufi lambu. A gangaren gada ya taka birki, motar ta so tsayawa, tirelar ta ƙi. Ta tura shi har ƙasa. Ko asibiti bai kai ba.

Kowa ya ce birkin tsohuwar mota ne ya tsinke. Na bar su a haka. Ni na riƙa kai cefane gidan, ni na gyara ƙofar da ta karye, matar Yaya tana ta sa mini albarka. Tun ina ɗan makaranta take tsokanata da Ƙaramin Maigida, ko a cikin kukan nan ba ta fasa ba. Duk sanda ta faɗa sai in ji kamar an ɗora mini ƙarfe mai zafi a ƙirji.

Jiya da rana ta zo shagon, wai in nemo mai sayen ragowar tirelar, ba ta son ganinta. Ta zauna a kan bencin nan, dunduniyarta tana taɓa kwalin. Na kasa daurewa. Na durƙusa na jawo shi, na yaye tsumman.

"Anti, ba motar ba ce. Ni ne. Ya kawo, ban ɗaura ba."

Ta daɗe tana kallon kwalin. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Na san shi," ta ce. "Tare muka sayo. A cinyata na riƙe shi cikin mota har ƙofar nan. Na ɗauka yana jikin tirelar, shi ya sa ban taɓa tambayarka ba."

Ta miƙe ta gyara mayafinta. Na ce ta zage ni, ta mare ni, ta kai ni duk inda take so. Ta tsaya a bakin ƙofa, ko juyowa ba ta yi ba.

"In ka sami mai sayen, ka aiko da saƙo," ta ce. "Sai an jima, mai walda."