Gawar Manaja

Mijina ya haura hamsin lokacin da ya ajiye aikinsa don ya zama ɗan wasan kwaikwayo. Manajan reshe ne a kamfanin inshora, da ofishinsa da direbansa, har unguwa ta manta sunansa, kowa Manaja yake ce masa. Wata rana da yamma ya dawo da kwali a hannu, a ciki akwai kofin shayinsa da hoton yara da darduma, ya dire a kan teburin cin abinci ya ce mini ya gama.

"Ka gama me?"

"Aikin. Tun ina sakandare abin nan yake raina, kin sani. In ban yi yanzu ba, yaushe zan yi?"

Na sani mana. Tun muna neman aure yake ba ni labarin yadda ya fito a alƙali a wasan makaranta har malamai suka miƙe suna tafi, da yadda mahaifinsa ya ce ba a gidansa ba. Amma na ɗauka irin labarin nan ne da kowane namiji yake da shi, kamar na waɗanda saura ƙiris su zama 'yan ƙwallo. Ban taɓa zaton mai furfura a gemu zai tashi ya bi shi da gaske ba.

Kunya ta riga fushi kama ni. Duk wanda ya tambaya sai in ce ai Manaja ya koma harkokin kansa. Ƙaryar ba ta yi nisa ba, domin matar mai kemis, maƙwabciyarmu, ta gan shi a layi cikin rana tsaka, a ƙofar wani kamfanin shirya fina-finai, da lamba manne a ƙirji, gabansa da bayansa duk sa'annin 'ya'yansa. Ta zo har kicin ta ba ni labari tana wani tausaya mini, ni kuwa ina yanka albasa ina gode wa Allah da ya ba ni dalilin hawaye.

Yayana yana da kantin sayar da tayoyi, babba, kuma tun ran da ya ji ya ce akwai kujera a ofishinsa, Manaja ya zo ya riƙe masa ma'aikata. Na kai wa Manaja saƙon, ya ce a yi masa godiya.

"Kai da ko ƙarya ba ka iya ba?" na ce masa. "In miya ta yi gishiri ka ce ta yi daɗi, a fuskarka nake gani. Wa za ka ruɗa?"

"Ki bari dai ki gani."

"To ji nan. Ran da aka fara nuna ka, in ka sa mutum ɗaya tak ya yarda da abin da kake yi, na ɗaga maka hannu, ba za ka sake jin bakina ba. In ba haka ba, kujerar Yaya tana jiranka."

Ya ce ya yarda. Ni kuwa na san na ci, jira kawai ya rage.

Mutum ɗaya muka ɓoye wa, ita ce Inna, mahaifiyarsa, da take zaune tare da mu a ɗakin baya. Idonta ya yi rauni, tunaninta yana zuwa yana tafiya, kuma cikin 'ya'ya huɗu da ta haifa shi kaɗai ya rage mata. Kullum da safe sai ya sa kwat ya ɗaura lakatai a wuya ya shiga gaishe ta kamar mai tafiya ofis. Ita kuma ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, haka take yi tun rasuwar ƙaninsa, ba ta saki sai ta gama sa albarka. Yana fitowa sai ya cire lakatai ɗin ya cusa a aljihu.

Watanni suka shuɗe ba labari, sai wani sati ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. In shigo ɗaki in same shi miƙe a ƙasa, hannuwa a gefe, ido rufe, ko motsi. Na farko na tsallake shi na ɗauki abin da na zo ɗauka. Na biyu na ce, "Zaman banza ya kai ka nan, Manaja?" Bai tanka ba, sai da na fita na ji ya ja wani dogon numfashi. Bayan nan ya yi kwana biyu yana fita da asuba, ya dawo da farar hoda a cikin kunne.

"An ba ni rawar da zan taka," ya ce, yana kallon farantinsa. "A shiri mai dogon zango, na talabijin."

"Babba ko ta cika wuri?"

"Duk labarin a kaina yake tafiya. Daga farko har ƙarshe zancena ake yi."

Na dubi fuskarsa da kyau, ban ga alamar ƙarya ba. Nan take na ji wani nauyi ya sauka daga kaina, na manta ma da cewa so nake ya faɗi. In dai shi ne babban ɗan wasa, to na samu abin wanke fuskata a unguwa. Na ɗauki waya na kira Yaya da matarsa, na aika wa matar mai kemis, na gaya wa babbar 'yarmu ta zo da mijinta ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da za a fara nuna shirin.

"Ba sai an tara mutane ba," in ji Manaja.

"Sai an tara. Da suka gan ka a layi ai ba ka hana su kallo ba."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na wuce na bar shi, na ɗauka kawaici ne.

Ranar Asabar falo ya cika. Na fito da kofunan da ba a taɓawa sai an yi baƙi, na jera lemo da biskit. Da na ga kowa ya zauna, sai zuciyata ta ce ai Inna ce ta fi cancanta ta ga ɗanta. Na je na riƙo ta, na zaunar da ita a kujerar da ta fi kusa da talabijin saboda idonta, na ba ta shayi. Manaja ya dube ni da sauri, ya dubi Inna, ya ce, "Da an bar ta ta huta." Yaya ya ce haba, ai yau ranarta ce. Manaja ya koma kujerar bakin ƙofa ya zauna a gefe-gefe, kamar wanda ya zo roƙon alfarma.

Aka fara. Wani katafaren gida, mata suna kuka, samari suna rigima a kan wani attajiri da dukiyarsa. Kowa ya buɗe baki attajirin nan yake ambata. Na gyara zama na kalli matar mai kemis ta wutsiyar ido. Sai ga ɗakin asibiti, likita ya shigo da 'yan sanda, ya nufi wani gado, ya ɗaga farin mayafi.

Manaja ne, fuska fari fat, da auduga a hanci, baki a ɗan buɗe.

Yaya ne ya fara fashewa da dariya.

"Kai, surukina! An fara da kai an gama da kai!"

"Ku jira," na ce. "Ai za a koma baya a nuna rayuwarsa."

Ba a koma ba. Likita yana ta bayani, kyamara tana kan fuskar mijina. Sai wani ƙuda ya zo ya sauka a leɓensa, ya yi tafiyarsa a natse har gefen hanci, ya hau fatar ido ya tsaya yana goge hannuwa. Manaja ko gezau. Matar mai kemis ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Surukinmu ya sunkuyar da kai yana danna waya. Yaya kuwa har da buga cinya, wai ƙudan ya fi shi taka rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Don kada a yi mini dariya ni ma, sai na shiga cikin masu yi, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara.

A cikin dariyar nan na ji ƙarar kofi ya faɗi.

Inna ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin talabijin. Ta juya ta dubi kujerar bakin ƙofa, ba kowa a kai, ban ma san lokacin da ya fita ba. Ta sake duban talabijin, sannan ta dube ni.

"Shi ma?" ta ce.

"Inna, wasa ne..."

"Yaushe? Kuka bar ni ina shan shayi?" Ta fara salati, ta miƙa hannu tana shafa gilashin daidai fuskarsa, tana son korar ƙudan. "Autana. Ku rufe shi mana, ba ku ga ƙuda ba? Ku rufe mini shi."

Ba auta ba ne, shi ne ɗanta na fari, amma tun da sauran suka tafi take kiransa haka. Kukan da ta sa ban taɓa jin irinsa a gidan nan ba. 'Yata ta kashe talabijin, abin ya ƙara muni, domin Inna ta ɗauka ɗauke shi aka yi. Na fita da gudu ba takalmi. A bayan gida na same shi, tsaye kusa da tankin ruwa, ya haɗa kai da bango.

"Inna," kawai na ce.

Ya shigo ya durƙusa a gabanta yana cewa, "Ga ni, Inna, ga ni nan, ni ne." Ba ta saurari maganarsa ba. Wuyan hannunsa ta lalubo ta damƙe, ta danna yatsunta a kan jijiya, ta rufe ido. Mun daɗe a haka, ba mai tari. Sannan ta shafa hancinsa ta ji ba auduga.

"Kada ka sake riga ni," ta ce.

"To, Inna."

"Na binne uku. Ya isa."

Baƙi suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa biskit. Yaya ya tsaya a ƙofa, dariyar ta bar fuskarsa, ya ce mini a hankali in gaya wa Manaja ya zo ranar Litinin, ba wanda zai tayar da zancen.

Da Inna ta yi barci, hannunsa a cikin nata, ya zare a hankali ya same ni a kicin ina wanke kofunan da ba su yi datti ba. Ya tsaya a bayana.

"Ki gaya wa Yaya zan zo," ya ce. "Kin yi gaskiya."

Abin da na yi watanni ina jira ke nan, ga shi an miƙo mini, kuma na kasa ɗaga kai. Ni na tara mutanen, ni na ɗauko tsohuwa na dasa ta a gaban gawar ɗanta, don kawai matar mai kemis ta daina tausaya mini.

"Ƙudan nan," na ce, "yaya aka yi ba ka motsa ba?"

"Sun ce a sake ɗauka, a kore shi. Mai ba da umarni ya ce a bari, bai taɓa ganin wanda ya jure haka ba." Muryarsa ta ɗan tashi, sai kuma ya haɗiye ta. "Ba komai. Gawa ce dai."

"Da likitan ya ɗaga mayafin nan," na ce, "gabana sai da ya faɗi. Kana zaune a bayana, na san kana nan, amma sai da na yarda ka mutu. Dariyar da ka ji na yi, daga baya ta zo."

Na rufe famfo na juyo. Idonsa ya yi ja, ga ragowar hawayen Inna a gaban rigarsa.

"Mutum ɗaya na ce, ka samu biyu. Yaya ya nemi wani."

"Amma Inna..."

"Inna mutuwa ta hana ka, ba wasa ba. Ka koma layinka ka gaya musu a ba ka rawar mai rai, ko mai gadi ne, ko mai share asibitin. Gobe kuma in za ka gaishe ta, ka bar lakatai ɗin nan a ɗaki, ni zan yi mata bayani."

Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya, ya ɗauki tsumma ya fara goge kofunan. Na miƙa masa na ƙarshe, da ya karɓa sai na ga na riƙe wuyan hannunsa, kuma ban saki da wuri ba.