Labulen Hannun Dama

Labulayen hannun dama duk a sauke suke, daga kujerar farko har ta ƙarshe. Na hagu kuwa an ɗaure kowanne da igiyarsa, an goge gilashin tas. Auta ta lura da haka tun tana taka matakalar bas ɗin, ta miƙa hannu za ta ɗage na kusa da ita.

"Bar shi," in ji Kawu, ba tare da ya ɗago daga takardun da ke cinyarsa ba. "Rana ce ke dukan wannan ɓangaren. Baƙi ba sa son rana."

Kawu wan mahaifiyarta ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana riƙe da makirufon wannan kamfani, yana zagayawa da masu yawon buɗe ido cikin kufan tsohon birni. Bana muryarsa ta fara dishewa, likita ya ce ya rage magana. Shi ya roƙi manaja a gwada 'yar ƙanwarsa, wadda ta dawo kwana huɗu da suka wuce bayan shekara shida tana karatun tarihi a nesa. Zagaye ɗaya aka ba ta. Idan baƙi suka yaba, aikin ya zama nata. A gida kuwa mahaifiyarta har ta fara gaya wa maƙwabta.

Ya miƙo mata takarda mai shafi biyu. An jera wuraren da za a tsaya, kowanne da abin da za a faɗa. A tsakiyar shafi na biyu ya rubuta da jan biro: idan direba ya danna hon sau biyu, ki ce su dubi hagu, ki ba da labarin rijiya, ki ja shi har mu wuce kwanar.

"Kawu, ai a kwanar nan hasumiya take."

"Ba ta cikin tsarin safe."

"Tun yaushe?"

"Auta, ki bi takarda. Yau dai ki bi takarda."

Direba, wani dogo mai tsinken sakace a baki, ya leƙo ta madubi. "Farfesa, a yi mana a hankali. Mu nan boko kaɗan muke ci, in ya yi yawa ciki ke murɗa mana."

Ta yi murmushi don kada a ce ta cika ɗaci, amma ranta bai so ba. Yaya za a kawo mutane tsohon birni a hana su ganin hasumiya? Tana da shekara bakwai Kawu ya goya ta ya hau da ita matakala casa'in da ɗaya har ƙoli. Shi ya kama yatsanta ya ɗora a kan 'yan zane-zanen da ke jikin duwatsun, ya ce kowane magini da alamarsa, yana sassaƙa ta a dutsen da ya gyara don a san aikin wane ne. Wannan kibiya, wancan ƙafar tsuntsu, wancan da'ira mai ɗigo. A kan alamomin nan ta rubuta kundin digirinta. Duk lokacin da ta buƙaci hoton wani dutse, Kawu take kira, kafin kwana biyu ya turo. Na ƙarshe bai fi wata takwas ba.

Baƙi suka cika mota. Akwai wasu 'yan kasuwa biyu da ba su daina waya ba, da wani magidanci da matarsa, da 'yan mata uku masu ɗaukar kansu hoto, sai wata tsohuwar shugabar makaranta mai sanda, wadda ta zauna a kujerar farko ta dama.

"'Yata, na taɓa zuwa nan shekara arba'in da suka wuce," ta ce wa Auta. "Da ɗalibaina na zo. Yanzu ƙafa ta ƙi, sai dai ido."

"Za ki gani har ki gaji, Mama."

Aka kama hanya. A babbar ƙofar birni muryar Auta ta ɗan yi rawa, amma kafin su kai tsohuwar kasuwa ta warware. Ta nuna musu ramukan da ƙafafun rumfuna suka bari a dutse, da magudanar ruwa da har yau ba ta toshe ba. Ta nuna musu inda wani ya rubuta sunan budurwarsa da fenti a bangon da ya shekara ɗari takwas, ta ce tana fatan auren ya yi ƙarko ko da rabin na bangon ne. Mota ta ɗauki dariya. Kawu ya gyaɗa kai daga inda yake zaune, ta ji daɗi har cikin ƙashinta.

Nan ne ta yanke shawara. Kawu ya gaji ne kawai, ta ce a ranta. Shekara talatin yana faɗin abu ɗaya, ya fara yanke hanya kamar yadda kowa ke yi a ƙasar nan, a yi aiki rabi a ce ai ba wanda zai lura. Ita ba za ta fara aikinta da rabi ba. Za ta ba su abin da ya fi komai kyau, shi ma ya tuna yadda yake a da.

Titi ya fara karkata. Direba ya danna hon sau biyu.

"Jama'a," in ji Auta, "kowa ya ɗage labulensa na dama. Ga abin da kuka zo gani."

"Auta," Kawu ya ce, yana ƙoƙarin miƙewa.

Direba ya taka mai, amma wata tankar ruwa ta fito daga gefe ta tare hanya, dole ya take birki. Motar ta tsaya cak a tsakiyar kwanar. Labulaye suka yi sama ɗaya bayan ɗaya.

Fili ne shimfiɗe da kwalta, an ja fararen layuka an rubuta lambobi. Bas shida a jere, masu launin wadda suke ciki. A can ƙarshe akwai ginin banɗaki da rumfar mai sayar da ruwan sanyi. Sama da su babu komai sai sarari.

Auta ta dubi filin, ta dubi bishiyar da ta sani a bakin titi don ta tabbatar ba ta ɓata wuri ba. Bishiyar tana nan. Ta manta makirufo na bakinta.

"Kawu, ina hasumiya?"

Tambayar ta fita ta kowace lasifika a motar. Kawu ya koma ya zauna, yana kallon takalmansa.

Daga nan ba ta san lokacin da ta fara magana ba. Ta gaya musu a nan take, tsayinta ya kai bene bakwai, daga ƙolinta ake hango ayari tun yana tafiyar yini. Ta gaya musu magina arba'in da uku suka sa alamarsu a jikinta, ita ta ƙirga su da kanta. Ta ce ta tsallake yaƙi uku da girgizar ƙasa, amma ba ta tsallake mutanen da ke neman inda za su ajiye mota ba. Ta ce an sauke musu labule ne don an san ba za su tambaya ba, don an san mu mutane ne da in aka ce mu dubi hagu sai mu duba, har mu yi godiya. Muryarta ta karye, hawaye suka zubo, ba ta share ba.

Da ta yi shiru, ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya fara tafi. Sauran suka kama. 'Yan matan nan uku wayoyinsu na sama tun ɗazu.

"Yarinyar nan ta iya aiki," in ji magidancin. Ya juya wajen direba. "Malam, tunda ga banɗaki nan, a ɗan shiga da mu mana."

Direba ya dubi Kawu, Kawu ya ɗaga hannu alamar a je. Motar ta shiga filin ta tsaya a lamba bakwai.

Kowa ya sauka sai shugabar makarantar. Ita ba ta yi tafi ba. Ta sauke labulenta da kanta, ta ɗora haɓa a kan sandarta.

Auta ta sami Kawu a bayan motar, cikin 'yar inuwa. Kafin ta buɗe baki idonta ya faɗa kan duwatsun da aka jera a gefen filin don kada taya ta haura. An shafe su da farin fenti, amma fentin bai cike zanen ba. Na kusa da ƙafarta ƙafar tsuntsu ce a jikinsa.

"Yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan."

"Faɗuwa ta yi?"

Kawu ya kau da kai. "Kin san tsagewar nan ta gabas."

"Tsagewar da ka ce mini tun kakanka yana yaro take, ba ta ƙaru da faɗin farce ba?"

"Kamfani na neman fili. Hukuma ta ce sai an kawo wanda ya san ginin ya shaida cewa yana da haɗari. Wa ya fi ni saninsa?" Ya yi tari, ya dafa maƙogwaro. "Sun ce in ban sa hannu ba wani zai sa. Kuma da wani ya sa, Auta. Da an rushe ta, da ni ma an sallame ni, shi ke nan an yi asara biyu."

"To hotunan fa? Wata takwas da suka wuce na ce ka ɗauko mini dutsen da ke saman taga ta uku. Ka ce in ba ka kwana biyu, gwiwarka na ciwo, hawan da wuya."

"Kwana uku kafin katafila ta zo na ɗauke su. Kowane dutse, tun daga ƙasa har ƙoli. Na san za ki buƙata."

"Kana ciro mini su ɗaya-ɗaya."

"Don ki gama karatunki cikin kwanciyar hankali."

"Kawu, na tsaya gaban malamai biyar na ce musu tana nan tsaye. Babi guda na rubuta a kan yadda za a gyara ta. Har na sa sunanka a shafin godiya, na ce kai ne mai tsaron ta." Ta matso kusa da shi. "Inna ta sani?"

"Kowa ya sani. Abu ne a bakin titi."

"Kuma ba wanda ya ce uffan."

"Sun yi magana mako guda. Daga nan aka saba."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta sauya, ya matsa gefe yana amsawa da hannu biyu. Auta ta ji yana cewa to, ranka ya daɗe, to, in sha Allahu. Ta san manaja ne, ta kuma san aikin ya tafi. Abin mamaki, sai ta ji kamar an sauke mata kaya.

Kawu ya dawo yana murmushi, irin murmushin wanda aka ce masa ciwon ba mai kisa ba ne.

"Ɗaya daga cikin baƙin abokinsa ne, ya ɗauke ki a waya ya tura masa bidiyon. Ya ce bai taɓa ganin jagora irinki ba. Aiki naki ne daga gobe." Ya rage murya. "Ya ce a sa shi cikin tsari. Kullum in an zo kwanar a ɗage labule, ki yi musu kamar yadda kika yi ɗazu, har hawayen in zai samu. Abu ɗaya kawai za ki gyara. Ki ce ruwan sama ne ya kayar da ita."

Ta tsaya tana kallonsa. Shi ne dai, da furfurarsa da tabon da ke girarsa. Ta nemi ko ɗigon kunya a fuskarsa, abin da ta gani sauƙi ne, da fata.

"Ka ji daɗi ke nan, Kawu."

"Na ji daɗi mana. Uwarki za ta yi barci yau."

Baƙi suka fara komawa mota, kowa da gorar ruwa a hannu. Direba ya leƙo ta taga. "Farfesa, saura wuri uku. Mu je ki ƙarasa mu."

Auta ba ta juya ba. Ta taka zuwa bakin titi, ta jingina bayanta da bishiyar nan, sannan ta fara tafiya cikin filin tana ƙirga taku a hankali. A taku na ashirin da shida ta tsaya. Nan ƙofar hasumiyar take. Yanzu lamba goma sha ɗaya ce.

Kawu ya kira ta sau biyu. A na uku muryar ba ta fita ba. Ya tsaya a matakalar motar na ɗan lokaci, sannan ya shige. Ƙofa ta rufe, motar ta juya ta hau titi. Tana jin disasshiyar muryarsa a lasifika yana ba baƙi haƙuri, har ta ɓace a bayan kwanar.

Kwaltar ta ɗauki zafi, tana jin ta ta cikin takalmi. Mai gadin filin ya taso daga kujerarsa, yana yi wa wata bas da ke tahowa da baya alama da hannu.

"Malama, ɗan matsa mana," ya ce. "Nan wurin mota ne."

Auta ta dube shi, ta dubi jajayen fitilun da ke matsowa. Ba ta ɗaga ƙafa ba tukuna.