Ƙullin Bakin Zane

Shekarar da auduga ta yi albarka, Mati na Tsiga ya tafi aikin hajji da matarsa Uwa. Mai ciwon zuciya ne, likita a Malumfashi ya ba shi ƙwayar sawa ƙarƙashin harshe. Kullum tana aljihun rigarsa, bai yarda kowa ya taɓa ba. To, a Kano ya ɗaura harami, wanda ba shi da aljihu, rigar ta bi akwati ta shige wurin kaya.

Suna sama ƙirji ya riƙe shi, gumi ya karyo masa. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo tukunyar iska, ta ce bayan ita sai bandeji da maganin ciwon kai.

"Ina maganinsa?" ta tambayi Uwa.

Uwa ta sa haƙori ta kwance bakin zanenta, inda take ƙulle goro. Ga ƙwaya uku a takarda. Ta tura masa ɗaya ƙarƙashin harshe.

Da numfashinsa ya daidaita, Mati ya harare ta. "Ashe shiga aljihuna kike yi!"

"Shekara biyu ke nan, Malam. Rufe bakinka ta narke."