Turmin Rakiya

Ƙafafun Bawa suka kafe a bakin zauren mai unguwa Umaru kamar an dasa su. Ya ce su tafi, suka ƙi. Hannunsa na dama kuwa, da ba wanda ya aike shi, sai rawa yake yi a kan cinya.

'Yan zaman gindin tsamiya suka kwashe da dariya. Mutanen da ba su san nauyin fartanya ba, yau su ne alƙalan tafiya. Tun da ciwon karkarwa ya kama Bawa suka sami abin kallo kyauta. In ya tsaya ba ya iya tashi, in ya tashi sai sassarfa da 'yan ƙananan taku, kai a gaba, har bango ya tare shi.

Ga shi an zo ƙauyensu na gefen Bungudu diban gwamna: kowane gida namiji ɗaya, a kai shi Gusau aikin hanyar jirgi. Mai lafiya a gidan Bawa ɗansa Ɗahiru ne kaɗai, ga ruwan shuka ya sauka. In aka tafi da shi, bana sai yunwa.

"Ranka shi daɗe, ni ka zuwa," in ji Bawa. "A bar min yaro shi yi noma."

Dogarin da ya zo diban ya dube shi sama da ƙasa. "Tsoho, ƙato anka ce in kawo, ba mai rawa ba."

Mai unguwa, wanda nasa 'ya'yan duk zumunci ya taso musu tun jiya suka bar gari, ya gyara rawani. "Shi taka mu gani. Daga nan zuwa rijiya, shi komo. In ya hwaɗi, a kamo Ɗahiru."

Bawa ya dubi rijiyar, tsoro ya kama shi. Matarsa Rakiya ce ta fara lura cewa in ana daka, ƙafarsa na bin taɓarya, taku ɗaya bugu ɗaya. Da safe ya roƙe ta ta yi masa daka in masu diba sun zo, ta ce, "Ni in daka maka hanyar mutuwa? Ban yi."

Dogari ya riga ya juya yana neman Ɗahiru, sai ga ƙara daga bayan danga. Tim. Tim. Hannunta ne, ya san shi.

Ƙafar hagu ta ɗaga. Ta dama ta bi. Ya je rijiya ya dawo, ƙirji a miƙe, ko tangaɗi bai yi ba.

"Kun gani ko?" in ji wani a gindin tsamiya. "Dama mun ce ƙarya shi kai, ƙyuya ce!" Su da ba su taɓa faɗa ba sai yanzu.

Aka sa Bawa a layi. Rakiya ba ta fito sallama ba, ba ta kuma ajiye taɓarya ba. Ya bi bugun har suka wuce gonaki, yana kasa kunne, ƙarar tana ƙanƙancewa. A gangaren rafi ta ɓace.

Ƙafafun suka kafe. Na bayansa ya yi karo da shi, layi ya tsaya. Dogari ya taho a fusace, ya ɗaga bulala.

Bawa ya juya masa baya da kyau.

"Buga," ya ce. "Amma ka jera bugun daidai, ɗaya bayan ɗaya. Gusau da nisa."