Hoton Malama Kafin Litinin

Ranar Asabar da hantsi Malama ta ce wa mijinta tana so ya ɗauke ta hoto. Tana goge teburin cin abinci ta faɗa, ba ta ko ɗago kai ba, kamar mai cewa sabulu ya ƙare. Ta ce ba na waya take so ba. Da kyamarar da 'yarsu ta bari a saman durowa lokacin da za ta koma jami'a take so a ɗauka, a kai a wanke shi a takarda, babba.

Bai tambaye ta dalili ba, domin ya san shi. Jibi Litinin za a yi mata aiki. Wani ƙari ne ya fito mata a ƙasan kunnen hagu, bai kai ƙwan kaza ba, amma ya zauna a kan jijiyar da ke motsa rabin fuska. Likitan tiyata ya ce musu za a yi ƙoƙari a cire ƙarin a bar jijiyar. In ba ta baru ba, ɓarin fuskarta na hagu zai saki: idon ba zai riƙa rufuwa sosai ba, bakin kuma zai karkace in ta yi murmushi. Malama tana so a ajiye mata fuskarta yadda take, tun tana nan.

Shekara ashirin da shida ke nan yana aikin ɗaukar hoton ƙashi da na cikin jiki a babban asibiti. Tun suna sabbin aure take kiransa Likita, ko da yake ta san ko allura bai iya yi ba, sunan kuma ya bi shi har 'yan'uwansa suka ɗauka. Mako uku da suka wuce shi da hannunsa ya kwantar da ita a na'ura, shi ya fara ganin hoton a kan allo kafin kowane likita. Ya ga yadda ƙarin ya naɗe jijiyar. Irin wannan hoton ya sha wucewa ta hannunsa, ya kuma sha ganin masu shi in sun dawo bayan wata uku. Amma da ta fito tana gyara ɗankwali ta tambaye shi me ya gani, cewa ya yi ba wani abu ba ne.

To yanzu an zo ɓangarensa, a ganinsa. Hoto dai aikinsa ne. Ya sauko da kyamarar ya sa batirinta a caji. Ya tura doguwar kujera jikin bango, ya ɗauko farin zanen gado ya rataya a kan ƙofar ɗaki da maƙalan shanya guda biyar. Ya kawo kujerar katako daga kicin ya ajiye a tsakiyar falo, ya goge ta da tsumma sau biyu. Sannan ya ɗauko tef ɗin awo ya auna daga kujerar zuwa inda zai tsaya, ya manna 'yar takarda a ƙasa don kada ya kauce.

Malama ta daɗe a ɗaki. Da ta fito, shuɗiyar rigar da take sawa ranar taron iyayen yara ce a jikinta, ta zizara kwalli, ta ɗaura ɗankwali ta ɗan sauko da shi ta hagu. Ta tsaya ta dubi zanen gadon, ta dubi takardar da ke manne a ƙasa, ta tambaye shi ko sai ta yanki kati kafin a gan ta.

Bai yi dariya ba, hankalinsa na kan aiki. Ya zaunar da ita, ya sa yatsa biyu a ƙarƙashin haɓarta ya ɗaga, ya daidaita kafaɗunta, ya ce ta ɗora hannuwa a kan gwiwa. Ya ce ta cire 'yan kunne, sai ya tuna ba a asibiti yake ba, ya ce ta bar su. Ya juya mata kai kaɗan, ya ƙara juyawa. Ya koma kan takardarsa ya ɗaga kyamara.

"Ja numfashi," in ji shi. "Riƙe. Kar ki motsa."

Ta ja, ta riƙe. Kyamara ta yi ƙas. Ya ce ta saki.

Haka suka yi ta yi. A karo na shida ko na bakwai ta ce masa in haƙarƙarinta yake nema ya faɗa mata ta cire rigar, kada ta ɓata masa aiki. Ya ce motsi ne ke ɓata hoto, ita ba ta sani ba. Ta ce yara arba'in take tsayarwa a layi kowace safiya, ba ta taɓa hana ɗaya numfashi ba. Duk da haka ta bi umarninsa. Sai da ya ɗauki talatin da biyu ya ce ya isa.

Suka zauna a teburi, ta sa tabarau, ta karɓi kyamarar tana danna hotunan ɗaya bayan ɗaya a ɗan allon bayanta. Yana gefe yana jiran yabo. Hasken ya yi daidai, babu wanda ya karkace, babu wanda ya girgiza. Ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ta cire tabarau ta goge da bakin ɗankwali ta mayar.

"Likita, wannan matar wace ce?"

Ya ce ita ce mana. Ta miƙo masa ta ce ya duba da kyau.

Ya duba. A duk hotunan talatin da biyu kanta na juye dama, ɓarin hagu ne ke fuskantar kyamara. Ashe wajen gyara mata zama ya ture ɗankwalin baya da hannunsa ba tare da ya san ya yi ba. A tsakiyar kowane hoto kumburin ne zaune, ya fito tar, har ana iya ƙirga ƙananan gashin da ke kusa da shi. Idanunta kuwa sun yi dishi-dishi, bakinta a tsuke saboda riƙon numfashi. Da abokin aikinsa ne ya kawo masa waɗannan da ya ce aiki ya yi kyau, an nuna wurin da ake nema.

Ya ce laifin kyamarar ne, bai saba da ita ba. Malama ba ta musa ba. Ta ce ya kira mai ita ya tambaya.

'Yarsu ta ɗauka tana tafiya, ana jin hayaniyar ɗalibai a bayanta. Ita dai an gaya mata ƙaramin aiki ne, kwana biyu a sallami uwarta, saboda haka dariya ta yi ta yi da ta ji Abbanta ya koma mai hoton amare. Ta tambaye shi ko yana ganin wani ɗan akwati kore in ya leƙa. Ya ce yana gani. Ta ce duk inda ya ɗora shi nan ne zai fito sosai, saura kuma su dushe. Ta tambaye shi a ina yake ɗora shi. Ya ce a fuska.

"Abba, a kan ido ake sa shi," in ji ta. "In ido ya fito, mutum ya fito."

Ta ce a gaida Umma, a turo mata hoton, ta kashe.

Suka ci abincin rana ba wata magana mai tsawo. Bayan nan Malama ta koma kujerar katakon da kanta ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta fuskance shi sosai. Rana ta riga ta juyo ta tagar falo, tana kwance a kan tayil. Ya tsaya a kan takardarsa ya leƙa. Ya matsa da ɗan akwatin sama, ya wuce haɓa, ya wuce hanci, ya ɗora shi a kan idonta na hagu.

Idon na kallonsa. Gilashin ya jawo shi kusa, har yana ganin inda kwallin ya ɗan zarce, da siraran layukan da shekaru suka ja a gefe. Ta ƙifta, fatar idon ta sauka ta rufe ruf, ta sake buɗewa. Abu ne da ta yi a gabansa sau ba adadi, bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A nan ya gane tun ranar da ya kwantar da ita a na'ura bai sake haɗa ido da ita ba. Yana kallon wuyanta, yana kallon hannunta, yana kallon kofin da take riƙe. Mako uku yana kewaye matarsa a cikin ɗaki biyu da falo.

Yatsansa na kan madanni amma ya ƙi dannuwa. Ya sauke kyamarar. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Malama tana zaune hannuwanta a kan gwiwa kamar yadda ya koya mata.

Ya bar takardar ya zo ya zauna a hannun doguwar kujera, kusa da ita.

"Malama, ranar nan ban gaya miki gaskiya ba. Jijiyar nan da wuya a iya barinta. Na gani."

Ya ci gaba da bayani, da yake bayani ya fi masa sauƙi. Ya faɗa mata inda ƙarin ya fara da inda ya kai, da abin da likitan zai tarar in ya buɗe, da yadda ake koya wa mutum shan ruwa daga baya, da maganin da ake ɗiga wa ido don kada ya bushe. Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce ai ta sani.

Ya tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce shi. Ta ce shekara ashirin da huɗu suna tare bai taɓa sanin inda ake ajiye soson wanke-wanke ba, amma daga ranar da suka dawo daga asibiti ya kama wanke kwanuka, har da tukwane. Ta ce da ta ga ya goge mata takalmin makaranta sai ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta gama, ta wanke fuska ta fito. Ba ta ce masa komai ba ne don ta ga shi ma da ƙyar yake ɗauke da nasa.

"Tsoro nake ji, Likita," in ji ta. "Ba aikin ba. Ranar da zan koma aji nake tsoro. Yara ba sa ɓoye kallo."

Ya kama hannunta ya riƙe. Suka zauna haka, ana jin wata maƙwabciya a bene na ƙasa tana kakkaɓe darduma, wata mota kuma tana ta ƙoƙarin tashi a bakin titi. Hawaye ya zubo mata ya ja kwallin zuwa kumatu. Ya miƙa mata hankicinsa, ta goge, ta ƙara ɓata shi.

Can ta dubi tagar ta ce in zai ɗauka ya ɗauka, rana ta kusa faɗawa bayan ginin da ke gabansu. Ta ce amma ya sauke mata zanen gadon nan, ita ba gawa ba ce. Ta tashi daga kujerar katakon ta koma inda take zama kullum in tana duba littattafan yara, wato kusurwar doguwar kujera ta jikin taga, inda katifar ta loɓa daidai jikinta. Ta naɗe ƙafa ɗaya. A bayanta akwai tarin littattafai da jan biro da kofin shayin safe da ba a ɗauke ba. Ya yunƙura zai kwashe, ta ce ya bari.

Bai auna komai ba. Ya jawo kujerar katakon ya zauna a gabanta, gwiwarsa na kusan taɓa tata. Ya ɗora ɗan akwatin a kan idonta. Bakinsa ya buɗe da kansa zai ce ta ja numfashi, ya kama shi da ƙyar. Ta gani. Murmushi ya taso mata a hankali, ya kama ɓari biyun daidai, kumatunta suka loɓa, idanun da suka sha kuka suka ƙanƙance. Ya danna. Ya danna sau uku kafin hasken ya bar fuskarta ya hau bango.

Na tsakiyar ta zaɓa. Ya sa takalmi ya sauka da sauri, don shagon wankin hoto na bakin kasuwa da wuri yake rufewa ranar Asabar. Mai shagon ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ce ya yi kyau, sannan ya nuna ƙasan kunnen da bakin biro, inda kumburin ya ɗan leƙo daga ɗankwali, da kuma baƙin kwallin da ke kan kumatu. Ya ce minti biyu zai share su tas, babu mai ganewa. Likita ya daɗe yana kallon allon. Ya ce a bar komai yadda yake.

Ya dawo da shi a babbar ambulan, yana riƙe da hannu biyu don kada ya lanƙwashe. Ya tarar ta canza kaya, ta buɗe ƙaramar jaka a kan gado tana jera abin da za ta tafi da shi asibiti. Ta goge hannu a jikin zane ta zaro hoton, ta kai shi bakin taga inda sauran haske yake. Ta daɗe tana dubawa, yana tsaye a bayanta bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Ashe haka nake kallonka," in ji ta.

Ya ce haka ne. Ta ce to ya riƙe, don in an kwana biyu sai ya riƙa tuna mata. Ta mayar da hoton cikin ambulan a hankali, ta ɗora a kan durowa, ta ce ya miƙo mata silifas ɗinta da ke ƙarƙashin gado.